Tashe a Ƙofar Baba Maje

Duk Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda ya kai Baba Maje maƙeri ƙorafi a kan yaran tashe. Da azumi ya kai goma, an idar da asham, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure ya gyara murya.

"Wannan ne tashe? Mu a zamaninmu yini muke muna haɗa gemun auduga. Ku kuwa ku shafa toka a goshi, ku yi gunaguni, waƙa ba ta kai rabi ba kun miƙo ƙwarya. Ko sallama babu!"

Yana faɗa, matarsa Salamatu tana dariya daga bayan zana, ta turo gero a ƙoƙo. Haka suka tsufa, shi da baki, ita da kyauta.

Salamatu ta rasu da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Da azumi ya zagayo, Maje ya ɗebi gero da kansa ya ajiye a gefen tabarma. Yana jiyo kiɗan gwangwani daga wajen Tarauni, yana hango aci-balbal tana tahowa ta gonaki. Yaran na isowa ƙofarsa sai waƙa ta mutu, suka wuce sumui-sumui. Ba su ɗora ba sai a gidan Sanusi dillalin gyaɗa.

Washegari a masallaci ya ji dalili. Ashe iyaye ne suka ja musu kunne, wai gidan da aka yi rashi a tausaya masa. Tausayi! Mutanen da tun sadakar arba'in babu wanda ya leƙo ya ce masa yaya ƙarin haƙuri, balle a aiko da kunun buɗa-baki, su ne yanzu suka ga maganinsa a ƙara masa shiru. Abin ya ci masa rai. Ya yi kewar hayaniyar nan da ya yi shekaru yana zagi, domin cikinta yake jin dariyar Salamatu.

Da yaran suka zo za su sake wucewa, ya daka musu tsawa.

"Kai! Nan kabari ne? Ku dawo ku yi mini tashe, marasa kunya."

Suka dawo suna tura juna, manyan cikinsu sun rasa abin da za su ɗauko. Sai wani ɗan mitsitsi, da bai san abin da ake ɓoyewa ba, ya buga gwangwaninsa ya ɗauko waƙar gwauro, wadda ake tsokanar mazan da ba su da mata. Yayansa ya yi wuf ya toshe masa baki.

Shekara da shekaru Maje yana dariyar waƙar nan a ƙofofin wasu, bai taɓa kawo wa ransa tana nan tafe ƙofarsa ba.

"Sake shi," in ji shi. "Ai bai yi ƙarya ba."

Suka amsa waƙar a tsorace, sannan suka ware murya, suna zagaya tabarmarsa suna nuna shi da yatsa. Maje ya buɗe baki yana dariya yadda ake so gwauro ya yi, yana shafa fuska da hannun riga. Ya juye musu geron duka.

Suka nufi Tarauni suna tsalle, suna gaya wa duk wanda suka tarar cewa bana sun sa Baba Maje dariya har da hawaye.