Gawa Bakwai a Bakin Ƙofa

...kuma har yanzu tana gurnani. Cikin kwali, bisa cinyar Jemimah, kyanwar tana gurnani a hankali kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. Da haƙarƙari a karye? Da jini a hanci? Mai keke-napep yana ta danna hon a Kwangila, Samaru ta ƙi matsowa, jini yana ratsa kwalin yana jiƙa mata zane.

Sau uku taɓaryar ta sauka a kan kyanwar. Na farko ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Na biyu... a'a. Ba za ta tuna na biyu ba. Hannunta ne? Wannan hannun da ke ɗinka rigunan jarirai a Sabon Gari?

Mako uku tana kwance tun da aka binne ɗan da ta haifa bai yi kuka ba. Ba ta girki, ba ta ci. Sai ga ƙadangare a bakin ƙofa, ba kai. Washegari ɓera. Washegari wani ƙadangaren, hanji a waje. Kyanwar tsakar gida na zaune gefe tana kallonta, tana lumshe ido a hankali. Ta lumshe... ta buɗe. Kamar mai cewa, na san abin da na yi.

"Wannan ba kyanwa ba ce, 'yar'uwa," in ji Mama Somto maƙwabciyarta. "Ba ita ke goga kai a ƙafarki lokacin da kike da ciki ba? Wa ya aiko ta? Ki yi tunani."

Ta yi tunanin. Ta yi ta yi har tunanin ya tsiro hannu ya ɗauki taɓarya. Ai dole a samu wanda ya yi. Likita ya ce ba laifin kowa ba ne, fasto ya ce nufin Allah ne — to wa za ta doka?

Yau da safe, gawa ta bakwai. Ɗan tsuntsu, ko gashi bai yi ba, jajur, ido a rufe... kamar shi. Kamar shi sak. Kyanwar kuwa ba ta gudu ba. Ta ga Jemimah na zuwa, ta mirgina, ta buɗe mata ciki.

Waya. Ta kira yayanta Shekari, mai aiki a asibitin dabbobi a Samaru. Tana dariya — Yaya, na gama da mayyar. Ya saurara har ƙarshe.

"Jemi, abinci take kawo miki. Ta ga kin daina ci."

Lumshe idon fa? Yarda ce, in ji shi. Goga kan? Cewa take ke tata ce. To gurnanin, Yaya, ai daɗi take ji ke nan, ai bai yi mata zafi ba, ko?

"Suna yi in suna jin daɗi. Suna yi in suna mutuwa. Kawo ta yanzu."

'Yan coci sun zo kwana biyu, sun yi addu'a, sun tafi. Wa ya zo kwana bakwai a jere? Wa ya lura tukunya ba ta hau wuta ba?

Tana tura hannu cikin kwalin. Ki cije ni. Don Allah ki cije ni. Sai harshe mai kaushi a yatsarta, sau ɗaya. Hannun yana gangarawa ƙarƙashin gashi — nonuwa. A kumbure, da ɗumi, da danshi. Kamar nata da ta ɗaure tamau da ɗankwali.

Shayarwa take yi.

Kukan nan... siririn kukan da take ji daga rufin kicin kwanakin nan, tana toshe kunne, tana cewa ɗanta ne ke kiranta daga ƙasa —

"Madam, wace ƙofa za mu shiga?" in ji mai keken.

'Ya'yan kyanwar. Su nawa ne? Tun safe ba su sha ba. Asibiti a gaba, rufin kicin can baya. Tana kallon ƙofar, tana waigen hanyar gida. Wani abu yana rawa a tafin hannunta har yanzu... gurnanin ne, ko injin keken ne? Tana ƙara danna hannun. Ta kasa rarrabewa.