Ruwan Jegon Rauda

Mugun hali iri-iri ne, amma babu mai muni kamar na mutumin da zai ɓata ruwan jama'a don yana da rijiya a gida. Halin Ɗan'iya ke nan, wani mai fadama a ƙasar Kebbe.

Masu haƙar zinare suka zo neman inda za su niƙa dutse su wanke, ya ba su bakin rafi, gindin fadamarsa. Kullum laka mai toka-toka tana gangarawa. Kifi ya taso ciki sama. A tungar da ke ƙasa awaki suka yi ta ɓari, sannan abin ya koma kan yara, daga amai sai sanƙarewa.

Atu, tsohuwar ungozomar tunga, ta tare shi a hanya.

"Ɗan'iya, ka ji tsoron Allah. An ce muna dalma ce cikin ruwanga. Ɗiyanmu na mutuwa."

"Inna Atu, icce ya ƙare tungarku? Ku tafasa shi mana. Mi ka jure wuta?"

Ta buɗe baki za ta ce tafasasshen suke sha, ya tada babur ya bar ta cikin hayaƙi.

Da bazara ɗiyarsa Rauda ta zo gida haihuwar fari. Namiji ta samu, aka sa masa sunan kakan. Ɗan'iya ya yanka rago har da ƙari, yana yawo da yaro yana cewa takwara. To, wankan jego safe da yamma ba ƙaramin ruwa yake ci ba, ga rijiya ta ja baya, guga sai laka yake fitowa da ita. Matarsa ta yi masa magana, ya tura jakuna rafi.

"Ai ruwan jego dafa shi aka yi," in ji shi.

Da shi mai jego ta yi wanka, da shi aka dama mata kunun kanwa, da shi ake ɗura wa jariri jiƙo. Ba a kai arba'in ba yaro ya daina kama nono, ya sanƙare. Aka rasa wanda za a kira sai Atu. Ta dubi yaron, ta shafo ƙasan cikin tukunyar ruwan jego, ta nuna wa Ɗan'iya yatsarta da laka mai toka-toka.

"Ka tafasa shi da kyau, ba ka yi rowar icce ba. Mu ma hakanan munka yi."

Ta ja zane ta rufe yaron.

Masu zinare kuwa da dutse ya ƙare suka kwance inji suka tafi, ko sallama babu. Ga abin da Ɗan'iya ya rasa: takwaransa, wanda ya haƙa wa kabari da hannunsa, Rauda, wadda mijinta ya ɗauke ta da ciwo a jiki, ba ta sake taka gidan ba, shanun huɗa biyu da suka sha a rafin, da fadamar da yanzu ko kyauta ba mai karɓar albasarta. Rijiyarsa dai ta cika da damina.