Kiɗan da Ya Bi ta Bango

"Ba ta shiga, Yari! Na ce maka motag ga ta cika!"

"To a bar ta nan. Da ita da mai ita."

Rufa'i direba ya dire lasifikar a ƙasa. A tashar Kaura ne, da hantsi. Ni ne mai itan. Ina tsaye da jita a kafaɗa, ba wanda ya dube ni.

"Shi kuma mi yai maka?" in ji Rufa'i.

"Mi yaka yi mani dai! Dum, dum, dum. Ga fiyano nan nis sayo Gusau, in na taɓa wuri guda shi ka yin dum ɗin da kainai. Ba shi cin tuwo, ba shi ɗaure huska."

"Kai ma in an samu mai waƙa da kainai sai mu huta."

Yari shi ne shugaban ƙungiyarmu, shi ke waƙa. Sunana Armiya'u. Na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, na koyi kaɗa bes wajen wani tsohon ma'aikacin reluwe ɗan Kudu. Bes jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri. Kunne bai cika kula ta ba, a ƙirji ake jin ta, daga nan ta sauka ƙafa.

Nan matsalar take. Shekarar da Shari'a ta kankama a Zamfara, biki ya canza. Maza a waje, mata a ciki. Wasu wuraren in waƙar yabon ango ce da nasiha a bar mu mu yi, rawa kuwa babu. Ni ban ƙi ba. Sai dai abin da na iya a duniya ba shi da aiki in ban da ta da ƙafa.

Suka daidaita a kan in yi Shinkafi da Zurmi, in mun dawo in nemi wata sana'ar. Lasifikar kuma a cinyata aka ɗora ta. Tun daga Kaura ban ga hanya ba, sai bayan katako. Da aka tsaya shan fura, ta samanta Rufa'i ya miƙo mani kwanon, ya ce a gaida mutanen ciki.

A Shinkafi ranar kasuwa ce, walimar auren wani ɗan kasuwar albasa. Maza suka zauna kan tabarmi kamar masu jiran likita. Muna cikin waƙa ta biyu ƙafar wani dattijo ta fara motsi. Ya kama ta da hannu, ya waiga hagu da dama. Yari ya gani, ya yi mani alama in rage. Na rage. Ya sake alama. Na sake ragewa. Daga ƙarshe na murɗe sautin gaba ɗaya, yatsuna kawai ke tafiya. Da aka tashi wani ya zo ya ba ni hannu, ya ce duk cikinmu ni kaɗai ne mai natsuwa.

A shagon ango muka kwana. Har Zurmi jitata warin albasa take.

Bikin Zurmi na Hajiya Iyatu ne, mai man gyaɗa, autanta take aurarwa. Bayan la'asar muka kafa kaya a ƙofar gida. A kujerar gaba ga Malam Halilu, wanda unguwa ta ɗora wa sa ido kan bukukuwa, lemarsa a naɗe kan gwiwa. Yari ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya zo kaina.

"Koma can baya. Juya lasifikag ga ta dubi bango. Manna ta sosai."

"Maigida, to wa zai ji?"

"Bango."

Na manna ta. Bangon ƙasa ne, tsoho, ya sha yaɓe. Na zauna na jingina da shi. Ranata ta ƙarshe ce, kuma an ce da bango nake. Sai na buɗe sautin har ƙarshe.

A gaba ba wanda ya lura. Fiyano na ƙara, Yari na ta jan amo yana yi wa ango nasihar haƙuri, maza na gyaɗa kai. Ni kuwa na rufe ido, na kaɗa duk abin da na haɗiye tun Shinkafi.

A bayana na fara ji. Tafi, a hankali. Sai ƙafafu, da yawa, suna faɗuwa daidai inda nake sa yatsa. Na canza tafiya don in gwada, suka biyo ni. Wata ta rangaɗa guɗa, aka yi saurin toshe mata baki. Tun da na fara kiɗa ba a taɓa bi na haka ba, kuma ko fuska ɗaya ban gani ba.

Abin da ban sani ba, bayan bangon nan ɗakin amarya ne. A jikinsa aka yi mata jere, kwalla da samira da tasoshi, an ɗora su tun daga kan kabad har kusa da rufi.

Na sauka kan tsirkiya mafi kauri, na riƙe ta.

Ƙarar zubewar kwanoni ta daɗe. In ka ce ta ƙare sai wani sahun ya biyo. Rufa'i ya kashe janareta, muka yi tsit muna sauraron wani murfi guda yana ta juyawa a ƙasa har ya kwanta.

Malam Halilu ya miƙe. Yari ya riga shi magana.

"Malam, wanga yaro ba namu ba na! Tun Kaura munka sallame shi. Rage mai hanya kawai munka yi."

Rufa'i ya yi tari, ya juya yana duban taya.

Sai ga Hajiya Iyatu ta fito daga zaure, mayafi a karkace, gumi har wuya, da lotsattsen murfi a hannu.

"Wa ka wanga dum-dum?"

Hannaye suka nuno ni, har da na ango. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai na? Ɗan tsurut da kai? Jeren amarya ya zube tas, tana can tana kuka tana dariya. Mu tun ɗazu muna jin wani na ta kururuwa can nesa, ba mu gane komi ba, har mun soma gyangyaɗi. Sai bango yad ɗauka."

"Hajiya," in ji Malam Halilu, "rawa anka yi ciki?"

"Malam, mata na cikin gidansu, ƙohwa ruhe. Ka ga wata? Wata ta gane ka? Maiɗakinka na ciki, ita ta kusa da bango. In shaida kaka so in kira ma ita."

Malam ya koma ya zauna. Ya buɗe lema, alhali a inuwa yake.

Hajiya ta ce mako mai zuwa ƙanwarta na aurar da ɗiya a Jangeru, gida babba, kwana biyu za a yi. Bangonsu ya fi wannan kauri, kuma za su sauke jere tukuna. Ƙungiyar da yaron nan ke ciki take so, ko wace ce.

Yari ya dubi Malam Halilu. Malam na kallonsa ta ƙarƙashin lema. Ya dubi fiyanonsa. Sannan, karo na farko tun Kaura, ya dube ni da kyau. Na sunkuya ina naɗe waya.

Hajiya ta nuna Yari da murfin.

"Kai babbansu, daga zaure na ji kamar kana magana. Yaron ga, naku na ko ba naku ba na?"