Ranar da Aya Ta Ƙi Buɗe Karta

Mardiya 'yar Maraɗi ce, tana aikin gwajin sinadarai a wata masana'anta da ke Saint-Fons, kusa da birnin Lyon a Faransa. A sashensu akwai Aya, mutuniyar Abijan, wadda ta iya duba da kartar da Turawa ke kira tarot. Da an fito cin abincin rana sai ta baza kartocinta masu zanen wata da taurari da sarakuna, abokan aiki su kewaye ta. Mardiya ba ta taɓa miƙa hannu ba. "Gaibu sai Allah," take cewa, Aya ta yi dariya ta turo mata soyayyar ayaba. A haka suka ƙulla ƙawance.

Da aka ba Aya shugabancin sashen, sai aka kira su biyun zuwa babban ofishin kamfanin a Paris. Can aka shaida musu za a rufe sashen, a rarraba wasu, a sallami wasu, aka kuma ce su kama bakinsu har manya su sanar. Suka komo Lyon a jirgin ƙasa.

Jita-jita kuwa ta riga su isa. Washegari da rana Amine, abokin aikinsu da matarsa ke da tsohon ciki, ya jawo kujera gaban Aya.

"Buɗa mini karta, Aya. Aikin nan zai ɗore mini?"

Mardiya ta san reshen kamfanin da ke Villeurbanne za a mai da Amine, ta kuma san Aya ta sani. Abin da Aya ke bukata kawai shi ne ta juya karta ɗaya, ta ce ta hango tafiya da sabuwar ƙofa. Ranar da magana ta fito, duk masana'antar za ta ɗauke ta waliyyiya.

Aya ta dafe kartocin da tafin hannu.

"Amine, da can ni abokiyar aikinka ce. Yanzu ni ce shef ɗinka, shugabarka. Abin da duk na faɗa maka a kan teburin nan, ba za ka san ko karta ce ta yi magana ko buro, wato ofis, ba. Ba zan yi maka haka ba."

"To, faɗa mini da bakin buro!"

"Yau ba ni da izni. Amma ba zan bar ka cikin duhu ba."

Amine ya tashi ransa a ɓace. Aya ta shiga ofis ta kira Paris. Mardiya na jiyo ta ta bayan ƙofa tana cewa mutanenta ba sa barci, ko a zo a gaya musu gaskiya a makon nan, ko a nemi wani shef.

Tun tana yarinya Mardiya ta san masu bugun ƙasa da masu wuri, kowannensu so yake a ce ya ga ɓoye. Yau ga wadda aka kawo wa suna har gida ta mayar, ta kuma sa kujerarta cikin haɗari saboda mutanen da ke fushi da ita.

Ranar Juma'a darakta ya sauko daga Paris ya yi bayani. Da matar Amine ta haihu, Aya ya fara gayyata suna.

Mardiya ta ba mahaifiyarta labarin a waya. "Inna, wallahi na ga mai duba mai amana."

"A'uzu billahi," in ji tsohuwar. "To, ki gaishe mini da ita."