Manaɗin da Ba Shi da Aibu

Tun da Mama ta rasu, abu ɗaya ne ke fitar da Baba daga gida: shagon kayan kamun kifi da ke bayan tashar mota. Duk Asabar zai goge takalmi ya ce zai je zaɓen manaɗi, ɗan injin nan mai hannu da ake ɗaura wa sandar fatsa, yana naɗo zare idan kifi ya kama. Zaɓen nan kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Mai shagon, tsoho ne sa'ansa, har kujerar roba ya ware masa kusa da kanta. Baba zai ɗauki manaɗi ya kara a kunne, ya juya hannun a hankali kamar mai neman tasha a rediyo.

"Wannan gurnani yake yi."

"Kunnenka ne ke gurnani, tsoho."

"Wancan kuma nauyi, sai ka ce dutsen guga."

Kuma fa duk aibun da ya faɗa yana nan, don Baba bai iya yi wa kaya ƙazafi ba. Haka za su yi ta musu har shayi ya huce. Ya dawo hannu rabbana, baki cike da labari, ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Yayarmu nas ce, ba ta son ganin abu a rataye. Ran nan ta ce min, "Mutumin nan ba zai taɓa yanke shawara ba. Tashi mu saya masa, ya samu ya je bakin ruwa ya sha iska."

Da muka faɗa wa mai shago abin da ya kawo mu, sai fara'arsa ta ragu.

"'Yata, da kin bar shi ya zaɓa da kansa."

"Kawu, ya zaɓa yaushe? Ba ni wanda ba zai samu abin cewa a kansa ba."

Ya jima yana kallonta. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko wani kwali duk ƙura. "Wannan ban taɓa nuna masa ba," in ji shi. Mu kuwa muka ɗauka daɗin bakin 'yan kasuwa ne.

Baba ya buɗe kwalin a falo. Ya kara a kunne, ya juya, ya sake juyawa. Ko motsin sauro babu. Ya ce Allah ya yi mana albarka, Yaya har da ɗaga min gira.

Asabar ta zo, takalmi yana bakin ƙofa ba a goge ba. Bakin ruwan ma zance ne kawai: gwiwoyinsa ba za su iya gangaren ba, kuma Yaya ta fi kowa sani, ita ke shafa musu magani. Na ce, "Baba, ba za ka leƙa shago ba?"

"In je in ce me? Mutum ba ya zaman banza a wurin sana'ar wani."

Na san Baba, in ya faɗi haka an gama. Abincinsa ya fara dawowa rabi. Da na bi ta bayan tasha, na hango an jibga kwalaye a kan kujerar robar. Mai shago ya ɗaga min hannu, na kasa tsayawa don kunya. Wallahi raina ya ɓaci, kuma na rasa da wa zan yi fushi.

Jiya da la'asar Yaya ta dawo aiki, ko kayan asibiti ba ta cire ba ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Manaɗin na kan cinyarsa, inda yake wuni.

"Baba, ko yana da 'yar matsala? Ko ƙarama ce. Sai ka mayar da kanka, ka zaɓi wani."

Ya ɗaga shi zuwa kunne. Ya daɗe yana juyawa, mu duka muna jira.

"Babu, uwata," ya ce. "Kullum sai na duba."