Gefen Taga, Gefen Ƙofa

…kuma ai ba yau na fara ba, balle a zo ana tsaya mini a ka. Ido rufe ma sai in haɗa kek. Kai ne shaidata, Injiniya, kai da har ka koma ga Allah ba ka daina tsoma yatsa a robar kwaɓina ba. Mai gyaran firji da kwaɗayin yara. Ni na laƙaba maka Injiniyan ma, don tsokana, ya bi ka.

Yau Auta za ta zo, ita da mijinta. Wai su duba ni. A gabana ta faɗa, ko sassauta murya ba ta yi ba: in Mama ta sake barin gas a kunne, a rufe gidan nan ta dawo wurina. A rufe gidan nan! Gidan da kowace ƙusa ta cikinsa kai ka buga. Duk a kan tawul ɗaya da ya kama wuta makon jiya. To ta zo. Ta tarar da kek a tebur, ya tashi, ya yi ja, gas a kashe, kicin tsaf. Sai in ga ta inda za ta ɓullo.

Ƙa'idata ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da ban zuba ba, yana gefen taga. Da na zuba, sai in tura shi gefen ƙofa. Ka sha yi mini dariya, wai na mai da kantar kicin tashar mota, masu jiran tafiya daban, waɗanda suka sauka daban. Amma ka taɓa cin kek ɗina babu sukari?

To. Fulawa…

Fulawa tana gefen ƙofa. Sukari ma. Bota, ƙwai, madara, bakin hoda, duk sun yi layi a gefen ƙofa. Ke nan na zuba su. Robar kuwa — wayam. A bushe ƙamas, ko ƙurar gari babu.

Ina kwaɓin ya tafi?

Tsaya. Kada ki rikice, rikicewar suke jira. Wataƙila na riga na juye a gwangwani, na wanke roba. Gwangwani… ga shi nan, nawa ne, ga lotsawar da ya yi ranar da ka yar da shi da zafinsa, kana tsalle kana hura yatsu, wai ɗan leƙawa kawai ka yi. Babu komai a ciki. Obin ɗin gasa kek kuma sanyi ƙalau. Ƙwan ma ba a fasa ba, suna zaune suna kallona.

Wani ne ya matsar da su. Wa? Ni kaɗai ce a gidan nan.

Ba komai, in mayar da su gefen taga in fara daga farko. Ga su, sun koma. Amma hannuna ya ƙi. Sai ya miƙa hagu neman fulawa ya damƙo iska. Tun ina amarya hagu yake zuwa, hagu ne taga, yau kuma… Kai, tsufa. Bar shi.

Labulen nan fa? Ruwan toka. Ni na sayi ruwan toka? Na tsani kalar nan, ka sani, na ce maka kamar tsumman goge mota. Ko Auta ce ta canza mini ba shawara? Halinta ne. Tun tana ƙarama in ta shiga ɗaki sai ta juya komai, ta jera alƙalumanta bisa tsawo, wanda ya taɓa ya shiga uku. Hawa kujera take yi ta fasa mini ƙwai, rabin ɓawon a ciki, tana cewa Mama ni ma na iya — yanzu ita ce mai yanke hukuncin ko na iya.

Haushi nake ji, Injiniya. Da tsoro. Tsoron ya fi yawa, kai kaɗai zan faɗa wa.

Firjin nan ma ba kukansa ke nan ba. Namu tari yake yi kafin ya tashi, kullum kana cewa gobe za ka duba, gyaran na mutane bai bar ka ba. Wannan shiru yake, numfashi kawai, kamar mutum a bayan ƙofa yana saurare.

Bari in kunna obin ya yi zafi kafin in gama. Na murɗa… babu ƙara. Babu wari. Na sake murɗawa. Ko gas ya ƙare? In duba tukunyar a durowar ƙasa —

Kwaɗo.

An sa kwaɗo a durowar gas. Ƙarami, sabo, yana sheƙi. A kicin ɗina. Wa ya shigo har nan ya durƙusa ya kulle, ina ina?

Ga kuma tafiya a sama. Taku, a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan. An buɗe famfo. An rufe.

Gidanmu ba bene ba ne. Kwano ne a samanmu, sai tantabarun maƙwabci.

Wutar nan… hayaƙi ya cika ko'ina, ina zaune a falo ina kallon fim, ina ta mamakin wane gida ne girki ke ƙonewa haka. Maƙwabci na dukan ƙofa. Na fizgo tawul ɗin da hannu, ya manne mini a wuyan hannu. Auta tana kuka a asibiti, tana riƙe da gyalena. Makon jiya ne. Har yanzu ciwon yana —

Ina bandejin?

Babu ciwo. Tabo ne. Ya warke, ya yi fari, ya yi sumul, na danna ko zafi babu. Ƙuna ba ta warkewa haka a mako guda. Ko a wata guda.

Takun yana saukowa.

Taga… ɗago kai ki duba da kyau. Taga tana dama. Ƙofa tana hagu. Babu wanda ya matsar mini da kaya. Ni na jera su a hagu kamar kullum, hannuna bai yi kuskure ba. Tagar ce ba ta nan. Kuma ta cikinta ba bishiyar lemon da ka dasa nake gani ba, bango ne, da tankin ruwa, da mota a lulluɓe.

"Mama, kin tashi? Kek za mu yi?"

Auta. A bakin ƙofa. Ba jaka, ba mayafi, silifas ɗin wanka ne a ƙafarta, gashinta a tsefe rabi. Ba baƙuwa ba ce. Ga ɗan makulli rataye a wuyanta. Kuma yadda ta yi tambayar, a sanyaye, ba mamaki ko kaɗan… ta saba. Jiya ma ta yi ta. Wataƙila shekaranjiya ma.

An riga an rufe gidan, Injiniya. Ni ina nan ina shirin hana su.

Wa ke ba lemon ruwa?

Ƙwai ne a hannuna, ban san lokacin da na ɗauka ba. Har ya yi ɗumi. Ya kamata in ajiye shi kada ya faɗi… gefen taga ne, ai ban zuba ba… hagu… dama…

Wane gefe, Injiniya?