Shamuwar Baba Haladu

"Ajiye gatarin nan, Siddiq!"

Muryar maƙwabcinmu Baba Haladu ce, daga gadon da aka fito masa da shi gindin tsamiya. Ya daɗe yana jinya, ko kofin koko sai an riƙe masa, amma ranar har cikin madafata na jiyo shi. Na leƙa ta kan danga, sai ga ɗansa tsaye da gatari yana sosa ƙeya.

"Baba, reshe ɗaya ne fa, wanda ya shiga gidan su Lauratu."

"A kansa sheƙar take. In ta zo ta sauka ina? A kanka?"

Ni ce Lauratun, kuma ni da shamuwar nan ba ma ga maciji. Duk shekara sai ta yi wa shanyata fenti fari fat. Shi kuwa Baba Haladu, tun ina amarya a Sule Tankarkar ban taɓa ganin ya taɓa irin gero ba sai ta sauka. Ko rediyo ta ce ruwa ya kusa, sai ya ce, "Ita rediyon daga ina ta taso?"

Bana ta makara. Zafi ya yi zafi, har kaji sun daina yawo. Siddiq ya samo motar da za ta mai da shi asibitin Gumel, tsohon ya ƙi. Ɗaki ma ya ƙi shiga. Kullum in na kai masa kunu, tambayarsa ɗaya ce.

"'Yar nan, ta zo?"

"Tukuna, Baba."

"Za ta zo. Ni ne dai ban sani ba ko za ta same ni."

Wannan maganar ta tsaya min a rai. Ni da nake jifanta da ɓawon gyaɗa, sai ga ni ina ɗaga kai sama har tuwo na kamawa.

Ranar wata Talata da hantsi na ji fuka-fuki. Biyu ne, baƙaƙe, cikinsu fari, sun sauka suna taku a reshen kamar masu duba gidan haya. Ko mayafi ban ɗauka ba na zagaya.

"Baba, ga ta! Ga su nan!"

Wuyansa ya kasa ɗaguwa. Ni da Siddiq muka juya gadon, muka tallafe shi. Yana cikin kallo ɗayar ta saki kashi, tsaf a kan bargonsa. Ya yi dariya har da tari.

"Ta gaishe ni. Siddiq, a fito da iri."

Bayan azahar ya cika. Na yi kuka sosai.

Washegari masu ta'aziyya suka cika gindin tsamiya, kowa na jan tabarmarsa gefe yana satar kallon sama. Gurbin gadon ne kawai ba wanda ya zauna. Can sama ana ta gyaran sheƙa, ƙirare suna faɗowa a wurin ɗaya bayan ɗaya.